Su Tsinka, Ni In Ɗaure

Malam Ilu tela ne a unguwar Koki, kuma a duk kalmomin Hausa babu wadda ya tsana kamar "tsinkewa". A shago idan zare ya tsinke aiki ya tsaya, sai ya cire tabarau ya goge ya sake neman ramin allura. Wannan mai sauƙi ce. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce ungozoma ta fito daga ɗakin matarsa Sa'ida hannu a jiƙe, ta ce masa jini ya tsinke mata. Kafin a sami motar da za ta iya shigowa lungun, Sa'ida ta cika. Ta bar jaririya mace, yayarsa 'Yardada ta ɗauka ta raina a cikin gidan, aka sa mata suna Bahijja.

Da yake 'yar fari ce, Malam Ilu bai taɓa kiran sunanta ba. Idan dole ta kama sai ya ce "yarinyar nan", ko "'yar wajen Yaya". Idan sun haɗu a soro ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Amma duk wanda ya san shi ya san idan ta yi tari a cikin gida, a shago yake jin sa.

To, Bahijja ta yi aure, ta haihu lafiya, ta dawo gida wanka. Mijinta Nazeer a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Kwana huɗu bayan suna ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, taka ƙasa ya gagara. A asibiti aka ce gudan jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, kuma idan ya ɓalle ya tafi huhu, magana ta ƙare. Aka yi mata allurai na kwana biyar, aka sallame ta da takardar magani. Malam Ilu ya rufe shago ya tafi wani famasi a Gwammaja, inda aka ce masa akwai wata Malama Mabruka, jikar Larabawan cikin gari, wadda ta karanci haɗa magunguna kuma ba ta sallamar mutum sai ta tabbata ya gane.

Ya same ta a bayan kantar famasin, tabarau a kan hanci. Ta karɓi takardar ta jawo wani kati fari.

"Baba, sunan mara lafiyar?"

"Yana jikin takardar, Likita."

"Ni ba likita ba ce. Wanda ya yi wannan rubutun shi ne likita, kuma shi kansa sai ya yi addu'a yake iya karanta shi. Sunanta?"

Malam Ilu ya ɗaga kai ya kalli fanka. "'Yar wajen yayata ce."

"To, 'yar yayarka."

"A'a. Ni na haife ta."

Mabruka ta yi murmushi. "'Yar fari ke nan. Miƙo katin asibitin, kada in sa ka abin kunya da rana tsaka."

Ta rubuta sunan, ta ɗauko ƙwayoyin ta zuba a takarda. "Wannan sunansa wafarin. Maganin tsinka jini ne."

Daga nan kunnen Malam Ilu ya toshe. Ya ga bakinta yana motsi. Tana cewa ƙwaya ɗaya kullum bayan la'asar, kada a tsallake, kada a ninka. Tana cewa ba zai cutar da jariri ba, ta ci gaba da shayarwa. Kada a saya mata maganin ciwon jiki a kemis sai an tambaya, ban da ƙaho, ban da tsaga. Duk mako za a gwada jininta, lambar da ake so ta tsaya tsakanin biyu da uku, a riƙa kawo mata sakamakon ta rubuta a kati. Abinci kuma ta ci yadda ta saba, kada a canza mata. Duk wannan ta faɗa, har ta rubuta a takarda don Bahijja ta karanta. Shi dai kalma ɗaya ce take yawo a kansa.

"Ka gane, Baba?"

"Na gane, Likita."

Ya fito yana ganin titi bibbiyu. Mai jego, kwana goma sha shida da haihuwa, a ba ta abin da zai tsinka mata jini da gangan. Hana ta sha kuwa ba zai yiwu ba. Yarinyar ta yi karatu, ta sa ƙararrawa a wayarta, ana idar da la'asar take haɗiyewa. Kuma ta yaya ma zai yi mata maganar jini, shi da ko sunanta ba ya faɗa?

Sai ya kai kukansa wurin maƙwabcin shagonsa, Ɗanladi mai gyaran fanka, wanda babu cutar da bai ji maganinta a rediyo ba.

Ɗanladi ya ajiye sukurdireba ya ce, "Wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Zogale. Zogale da alayyahu. Suna ɗaure jini ya yi kauri kamar miyar kuka ta kwana."

"Ka tabbata?"

"Ka taɓa ganin akuya ta yi haɓo?"

Malam Ilu ya yi tunani, bai taɓa gani ba. A nan ya yanke shawara, ya faɗe ta a fili yana buga almakashi a kan tebur: "Shi ke nan. Su tsinka, ni in ɗaure."

Washegari da hantsi ya shiga gida da kwanon kwaɗon zogale, an sa masa ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. 'Yardada tana bakin murhu tana dama kunun kanwa. Ta buɗe kwanon ta rufe.

"Ilu, yaushe ka zama ungozoma? Mai jego gasasshen nama take ci da yaji, ba abincin dabbobi ba."

"Yaya, ki dai kai mata. Ki ce daga wajena."

Ta shiga ɗaki tana mita. Da ta fito kwanon fes yake, kamar an wanke. Malam Ilu ya koma shago ya yi ɗinki har da waƙa a hanci.

Mako ya zagayo aka yi gwaji, lambar ta nuna ɗaya da ɗigo shida. Likita ya ce maganin bai kama ba tukuna, ya mayar da ƙwayar ɗaya da rabi. Mabruka ta rubuta a kati, ta nuna masa yadda ake raba ƙwayar, ta tambaya ko ana sha a kan lokaci, ko an canza wani abu. Ya ce ana sha, ba a canza komai ba, don a ganinsa zogale ba wani abu ba ne. A hanyar gida ya yi lissafi irin na tela: an ƙara rabi a can, a ƙara rabi a nan. Kwano ɗaya ya zama kwano da rabi.

Mako na biyu lambar ta sauko ɗaya da ɗigo huɗu. Likita ya mayar da ƙwayar biyu. Malam Ilu ya ce lallai waɗannan mutane da gaske suke yi. Ya fara sammakon zuwa kasuwa yana ɗauko alayyahu dami guda, ya sa a yi miya da rana. Da yamma a sake kwaɗo, wata rana na rama, wata rana na zogale. Tsakar gida ta koma kore shar. Matan da suke zuwa barka suna shigowa sai su tambaya ko sana'a 'Yardada ta fara. Awakin unguwa kuwa suka gane shi. Da ya shigo lungu sai su taso su jeru a bayansa har ƙofar soro, wata baƙa mai ƙaho ɗaya tana gaba.

'Yardada ta ce, "Ga jama'arka nan sun rako ka. Ka shigo da su mana su yi barka."

Bai kula ta ba. Shi dai kullum sai ya leƙa kwanon ya ga an cinye.

A mako na uku ƙafar da ta fara saɓewa ta sake ɗaukar zafi. Bahijja ta koma dafa bango idan za ta fita tsakar gida. 'Yardada ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe shi kowa ya huta. Bahijja ta ɗauko takardar Mabruka ta karanta mata inda aka hana, suka yi ta yi. Da safe aka je gwaji, lambar ta fito ɗaya da ɗigo biyu, kusan ta wanda bai taɓa shan maganin ba. Likita ya rubuta ƙwaya biyu da rabi. Malam Ilu ya biya ta kasuwa ya ɗauki dami biyu, sannan ya wuce Gwammaja.

Mabruka ta karɓi takardar. Ta jera lambobin uku a kan kati ta daɗe tana kallo. Ba ta juya wajen magunguna ba.

"Baba, magani yana hawa, lamba tana sauka. Wannan ba ya faruwa haka kawai. Ba zan ba ka ba sai na yi magana da ita. Kira min ita, ka buɗe muryar."

Ya danna lambar ya ajiye wayar a kan kantar, ya ja baya kamar za ta fashe. Bahijja ta ɗauka ta yi sallama.

"Maman jariri, Mabruka ce daga famasi. Ya jiki? Ki gaya min gaskiya, kin taɓa tsallake maganin?"

"Ko sau ɗaya, Anti."

"Amai ko gudawa?"

"Babu."

"Wani maganin fa? Jiƙo, tsimi, sassaƙe?"

Daga nesa aka ji muryar 'Yardada: "Ki ce mata an hana ni. Ko ƙaho an hana ni."

"Sannu Hajiya, Allah ya saka da haƙuri. To Bahijja, jiya me kika ci da safe?"

"Kwaɗon zogale."

"Da rana?"

"Tuwo miyar alayyahu."

"Da yamma?"

"Kwaɗon rama. Da ragowar zogalen."

"Shekaranjiya fa?"

"Haka."

"Tun yaushe?"

"Mako uku ke nan."

Mabruka ta sauke tabarau ta dubi Malam Ilu. Yana tsaye hannu biyu a baya, ganyen alayyahu yana leƙowa ta gefen babbar rigarsa hagu da dama, kamar ya yi fukafukai.

"Baba, mene ne a bayanka?"

"Saƙo ne."

"Na wa?"

Ya ga ba mafita. Ya ajiye damin a ƙasa, ya gyara hula, ya yi bayani dalla-dalla: yadda Ɗanladi ya ba shi shawara, yadda ya riƙa ƙara kwano duk lokacin da aka ƙara ƙwaya. Har da maganar akuya bai ɓoye ba.

Mabruka ta rufe bakinta da hannu na ɗan lokaci. Da ta buɗe ta ce, "To Baba, ina taya ka murna. Ka yi nasara. Korayen ganyen nan suna da wani sinadari da yake taimakon jini ya daskare, shi kuma maganin nan aikinsa ya rage ƙarfin wannan sinadarin. Kai kaɗai da kwanonka ka kayar da likita da asibiti da ni."

Wani ɗan daɗi ya fara taso masa, har ya gyara tsayuwa.

"Shi ya sa ƙafarta ta sake kumbura. Gudan jinin da muke so ya tsaya ya narke, kai kake ba shi abinci."

Daɗin ya koma inda ya fito. Ya zauna a kan bencin masu jira. Ya daɗe yana kallon damin alayyahun.

"Likita, ke kika ce min maganin tsinka jini ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Uwarta haka aka ce min. Jini ya tsinke. Ina tsaye a soro da ragon suna da na saya tun cikin yana wata bakwai. Ko ganin fuskar yarinyar ba ta yi ba. Sai kuma a ce in ɗauki abin tsinka jini da hannuna in kai wa 'yarta, tana jego?"

Mabruka ta zagayo daga bayan kanta ta jawo kujera ta zauna nesa kaɗan da shi.

"Allah ya ji ƙanta. Laifina ne da na faɗi kalmar ban tsaya na ga yadda ta sauka ba. Baba, ka taɓa shan kunu mai gudaji?"

"Na Yaya kullum haka yake."

"To jinin Bahijja kunu ne da ya yi kauri har ya yi gudaji. Ba so muke ya zama ruwa ba. So muke ya sassauta kaɗan, ya daina gudaji. Idan ya tsinke da yawa, abin da kake tsoro zai iya faruwa, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa ake gwaji duk mako. Lambar nan awo ce. Ƙasa da biyu ya yi kauri, sama da uku ya yi ruwa."

Malam Ilu ya ɗago. "Awo?"

"Awo."

"Wato likita yana auna mutum ya yanka yadi, ni kuma ina zagayawa ina ƙara wa mutumin tumbi."

"Duk mako."

Ya miƙe tsaye da ƙarfinsa. "Daga yau an gama. Ko ganyen shayi ba zai sake shiga gidana ba. Zogalen da ke bayan masallaci ma sai na sa an sare shi."

"Zauna, Baba. Wannan ya fi na farkon haɗari."

Ya zauna.

"Yanzu ƙwaya biyu take sha, an rubuta biyu da rabi, duk saboda ganyenka. Idan ka janye ganyen gaba ɗaya rana ɗaya, maganin zai sami fili shi kaɗai. A nan ne jinin zai tsinke da gaske. Ganye ba abokin gaba ba ne. Abin da ake so, abin da ta ci yau shi za ta ci gobe, kada ya hau kada ya sauka."

Ta ɗauki wayarta ta kira likitan. Malam Ilu ya ji tana jera masa zogale, alayyahu, rama, ya ji dariyar likitan tana fitowa ta cikin wayar, ya sunkuyar da kai. Suka daidaita: a kawo Bahijja asibiti yau a duba ƙafar, a koma yi mata allura na 'yan kwanaki har lambar ta hau, a soke biyu da rabin nan a rage ƙwayar, a sake gwaji bayan kwana uku. Ganye kuma cikin gwangwanin madara ɗaya a rana. Ta rubuta duka, ta ƙara da abin da za a sa wa ido: haɓo, jini a dasashi ko a fitsari, jinin biƙi ya ƙaru, ko numfashi ya yi wuya. Kowanne aka gani, asibiti kai tsaye.

"Wannan karon maimaita min, Baba."

Ya maimaita tiryan-tiryan, bai bar ko ɗaya ba.

Sai wata ƙaramar murya ta fito daga kan kantar. "Baba."

Wayarsa ce. Babu wanda ya kashe ta. Malam Ilu ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Baba, ni fa tun ina yarinya ba na son zogale. Ɗaci yake min." Ta ja hanci. "Inna 'Yardada ta ce kai ka aiko, shi ya sa nake cinyewa."

Malam Ilu ya kalli fanka. Ya kalli ƙofa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Likita," ya ce, "ki gaya wa yarinyar nan ta shirya, ga ni nan zuwa da a-daidaita-sahu. Kuma ki ce mata gwangwani ɗaya ne kawai, ta daure."

"Tana jin ka, Baba."

"Ki dai gaya mata."

Mabruka ta sunkuya kan wayar ta gaya mata.

A asibiti aka duba aka ce gudan bai motsa ba, Allah ya tsare. Tun daga ranar Malam Ilu ya ɗauki aikin gwangwani. Ya sami na madara ya wanke, ya sa tef ya auna, ya ja layi da alli a ciki. Kullum da hantsi yana tsugune a tsakar gida yana cika shi, ya shafe saman da bayan almakashi. Idan 'Yardada ta ƙara ko tsinke ɗaya sai ya cire.

"Jiya kai ne sarkin ganye, yau kai ne mai awon gwal," in ji ta. "Allah ya nuna min ranar da za a yi arba'in in huta da kai."

Ɗanladi ya leƙo shago ya ce ya ji a rediyo tafarnuwa ma tana gyara jini. Malam Ilu ya ce masa ya je ya gwada a kan fanka.

Gwajin kwana uku ya nuna ɗaya da ɗigo takwas. Na gaba biyu da ɗigo ɗaya, aka daina allura. Aka yi arba'in, amma aka bar ta a gida har ƙafar ta warke. Bayan mako biyu, ranar wata Talata, Bahijja ta taka daga ɗaki har soro ba ta dafa komai ba, jariri a kafaɗa. Malam Ilu ya ga wucewarta ta wutsiyar ido, ya ci gaba da yi wa bango magana.

Ya isa Gwammaja da sakamakon a aljihun gaba. Mabruka ta buɗe ta karanta.

"Biyu da ɗigo huɗu."

"Ya zauna ke nan?"

"Ya zauna daidai jikinta. Haka za a riƙe har wata uku, likita ya sake dubawa. Kada ka saki gwangwanin."

Ya zaro littafin awonsa, wanda yake rubuta wuya da hannu da tsawon riga na masu kawo ɗinki. Ya buɗe wani shafi da ya ware, ya rubuta lambar a ƙarƙashin 'yan uwanta. Mabruka ta jawo sabon kati, don tsohon ya cika, ta riƙe biro tana kallonsa ta saman tabarau.

"Baba, sunan mara lafiyar?"

Malam Ilu ya juya littafin ya tura mata a kan kantar. A saman shafin, inda yake sa sunan mai kaya, an rubuta shi da manyan baƙaƙe, an bi kansa da biro sau biyu.

Ta kwafa. Ya rufe littafin da sauri ya mayar aljihu, ya karɓi maganin, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Likita, ranar Juma'a mijinta zai zo, Yaya za ta yi dambu. Zogalen cikin dambun, a cikin gwangwanin yake ko a waje?"

"A ciki, Baba."

"Na faɗa mata," in ji shi, ya fita.